Gwajin ƙirga ƙwayar ciwon hanta a wani ɗakin gwaji na kuɗi a Yamai: na'ura ta yi nata, saura bayani

Ɗakunan gwaje-gwaje masu zaman kansu na Yamai sun wuce zamanin da aikinsu ya tsaya a auna sukari da neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. A yau wasunsu suna liƙa wa bango jerin gwaje-gwajen PCR, waɗanda ke gano ƙwayar cuta ta hanyar DNA ɗinta, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadonta, ko ADN kamar yadda takardun likitocinmu ke rubutawa, har ma suna karɓar jini su aika ƙasashen waje domin a karanta ƙwayoyin gadon mutum. Wannan sharhi ya shafi ɗaya daga cikin irin waɗannan ɗakuna da ke tsakiyar birni, inda na kai ƙanwata mai juna biyu, wadda ta zo daga Tawa, aka ƙirga mata yawan ƙwayar ciwon hanta nau'in B da ke jininta. Na gamsu da aikin da ake yi daga lokacin da aka ɗibi jini zuwa lokacin da lamba ta fito, amma abin da ke biyo baya, wato yadda ake miƙa sakamako da wanda ake miƙa wa, yana da gyara sosai.

A wurin awon ciki a Tawa aka yi mata gwajin gaggawa na AgHBs, ya nuna tana ɗauke da cutar. Wannan gwaji yana faɗin cewa ƙwayar tana nan, ba ya faɗin ko ta yi lamo ne ko tana hayayyafa, alhali a kan wannan bambanci likita ke yanke shawara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke rayuwa da wannan ciwo a duniya, kimanin miliyan 65 daga cikinsu a yankinta na Afirka, kuma mafi yawansu tun wajen haihuwa ko a ƙuruciya suka kamu. Jaririn da ya ɗauka daga uwa, a cikin goma kusan tara cutar na zama a jikinsu har girma, yayin da babban mutum da ya kamu yakan rabu da ita in ban da ƙalilan. Shi ya sa a shekarar 2020 hukumar ta ba da shawarar a bai wa mai cikin da ƙwayar jininta ta kai 200,000 UI (ma'aunin da ake ƙirga ƙwayar da shi) a kowace mililita maganin tenofovir daga mako na 28 har ta haihu, sannan a jagororinta na 2024 ta ce an fi so a fara tun a watanni ukun tsakiya na ciki. Ga wanda ba mai ciki ba, lambar da ake sa wa ido ita ce 2,000, haɗe da gwajin ALAT da ke nuna ko hanta na kumbura. Saboda haka abin da mai zuwa wannan ɗakin gwaji ke saye da kuɗinsa lamba ce guda ɗaya, wadda magani ya rataya a kanta.

Yana da kyau mai biya ya san yadda ake samo wannan lamba. Wani masanin Amurka, Kary Mullis, shi ya ƙirƙiro PCR a 1983, aka ba shi kyautar Nobel a 1993. Ana zaɓar wani ɗan gajeren yanki na DNA wanda wannan ƙwaya kaɗai ke da shi, a zafafa samfurin zuwa kusan digiri 95 har igiyoyin DNA biyu su rabu, a sanyaya shi domin ƴan guntayen da aka tsara su manne a kan yankin da ake nema, sannan wani sinadari mai kwafi ya gina sabuwar igiya a kan kowace tsohuwa. Kowane zagaye yana ninka abin da ke akwai, ta yadda zagaye 30 ke mayar da kwafi ɗaya ya haura biliyan guda. A na'urorin yanzu ana haɗawa da wani sinadari mai ba da haske gwargwadon yawan kwafin, kuma na'urar na lura da zagayen da hasken ya fara bayyana: idan ya bayyana da wuri, ƙwayar na da yawa tun asali, idan ya makara kuwa kaɗan ce. Wannan ƙarfin ninkawa shi ne kuma hatsarin gwajin, domin ɗigon da ya fantsama daga samfurin wani zai iya sa mai lafiya ya fito a matsayin mai cuta. Don haka tsabta da tsari a irin wannan wuri suna cikin ingancin sakamakon kansa.

A nan ɗakin ya cancanci yabo. Wurin karɓar baƙi ƙarami ne, kujerunsa ba sa isa da safe, amma layin biyan kuɗi na tafiya, kuma ana ba da rasit mai ɗauke da sunan gwaji da lambar samfuri. Matar da ta ɗibi jinin ba ta wadatu da sunan da ke kan takardar likita ba. Ta ce, "Hajiya, faɗa mini sunanki da na mahaifinki da bakinki," ta gwada da takardar, ta manna wa kwalba mai shunayyar murfi lamba a gaban idonmu tun kafin ta ɗaure hannu, ta fasa sabuwar allura daga ledarta, kuma bayan jinin ya shiga ta riƙa juya kwalbar a hankali sama da ƙasa domin ya gauraya da sinadarin da ke hana shi daskarewa. A garin da Hadiza da Ramatu suka yi yawa, kuma da yawa ba su riƙe ranar haihuwarsu ba, wannan ƴar tambaya ta fi tsadar na'ura muhimmanci. Na tambaye ta ko sai an zo da azumi, ta ce wannan gwaji ba ruwansa da abin da mutum ya ci, kuma gaskiya ta faɗa. Kafin mu fita an riga an kai kwalbar ciki domin a raba ruwan jini da ƙwayoyinsa, abin da ya kamata a yi ba tare da jinkiri ba a gari mai zafi.

Ta gilashin ƙofa ana hango na'urar, GeneXpert ce ta kamfanin Cepheid, mai gurbi huɗu, a kan tebur kusa da kwamfuta. Ana zuba samfuri a cikin wani ɗan akwatin roba da ma'aikatan ke kira kartush, a rufe shi, a saka shi a gurbi, kuma duk aikin tace DNA da ninka shi da karanta haske yana gudana a cikin wannan rufaffen akwati, abin da ke rage hatsarin gaurayar samfura matuƙa. Gwajin ciwon hanta yana ɗaukar kusan sa'a guda. Sinadarin kwafin da PCR ya dogara da shi an fara samo shi ne daga wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka, amma na'urar kanta ba ta son ɗakin da zafinsa ya haura digiri 30, kuma ba ta jimre wa ƙura. Duk wanda ya san Yamai a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ko ya tuna yadda wuta ta yi ƙaranci bayan Najeriya ta katse layinta a watan Agustan 2023, zai fahimci dalilin da ya sa na fi mayar da hankali ga abin da ke kewaye da na'urar. Akwai na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, akwai batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, akwai janareta a bayan gini, kuma ina zaune aka ɗauke wuta, fitilun wurin jira suka mutu na ɗan lokaci, allon kwamfutar ciki bai ko ƙifta ba. Wutar da ta yanke ana tsakiyar gwaji tana lalata kartush ɗin gaba ɗaya, don haka wannan tanadi yana cikin abin da ake biya wa kuɗi.

Matsala ta fara ne daga alkawarin lokaci. An ce mana sakamako zai fito cikin kwanaki kaɗan, ranar ta zo ta wuce, ba wanda ya kira. Da na koma na tambaya, sai aka ce kartush ɗin ciwon hanta ya ƙare ana jiran sabon kaya, an adana ruwan jinin a cikin ƙanƙara. Adanawar daidai ce a ilmance, kuma kowa ya san wahalar shigo da kaya tun da hanyar Kwatano ta toshe, don haka ban ga laifinsu a kan ƙarewar kaya ba. Laifin shi ne karɓar kuɗin mace mai ciki, wadda makonni ke ƙirguwa a kanta, ba tare da an gaya mata cewa kayan aikin ba sa nan ba. Da an faɗa tun a wurin biya, da likitanta ya iya neman gwajin AgHBe, mai nuna alamar ko ƙwayar na hayayyafa, wanda ya fi araha kuma jagororin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince a dogara da shi wajen fara ba mai ciki magani idan ba a samu ƙirgen DNA ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda sakamakon ya iso. Hoton takardar aka turo ta WhatsApp zuwa wayata, domin ni na biya kuma lambata ce ke kan rasit, ba tare da an taɓa tambayar mai jinin ko ta yarda wani ya ga sakamakonta ba. A tsakanina da ƙanwata babu ɓoyo, amma sau da yawa mai biyan kuɗin asibiti miji ne, ko suruki, ko maigidan wurin aiki, kuma ciwon hanta har yanzu yana cikin cututtukan da ake yi wa mummunar fassara, ana danganta shi da lalata alhali mafi yawan masu shi a nan da shi suka tashi. Akwai matan da irin wannan hoto zai iya girgiza aurensu kafin su ma san abin da ke rubuce. Gurbi ɗaya a kan takardar rajista, inda mai jini zai faɗi lambar da yake so a tura wa sakamako, ya isa ya magance wannan.

Takardar kanta da Faransanci take, kamar kowace takardar likita a ƙasar nan, kuma lambobi biyu ne a kanta: 3,2 × 10⁵ UI/mL a layin farko, sai 5,51 log a na biyu. Ƙanwata, wadda ta yi karatun boko daidai gwargwado, ta kalli allon wayar ta ce, "Yaya, ai biyar da rabi ne kawai, ashe ba ta da yawa." Lambar farko tana nufin 320,000, ta biyu kuwa ita ce dai wannan lamba a wani ma'auni inda ƙarin ɗaya ke nufin ninki goma, wato sakamakonta ya haura iyakar da ake fara magani. Babu layi ko ɗaya a takardar da ke cewa a gaggauta ganin likita, babu wanda ya kira ya faɗa, kuma da na koma karɓar takardar asali, mai miƙawa ya ce shi aikinsa miƙawa ne. Na yarda cewa rubuta magani ba hurumin ɗakin gwaji ba ne, amma masanin da ya sa hannu a ƙasan takardar ya san ma'anar wannan lamba ga mace mai ciki, tunda an rubuta cikin a kan takardar buƙata. Likitan hanta da muka gani daga baya shi ya fassara lambar, ya rubuta tenofovir, ya kuma nanata cewa dole a yi wa jariri allurar rigakafin ciwon hanta cikin sa'o'i 24 na haihuwa, domin maganin uwa ba ya maye gurbin allurar.

A jerin farashin da ke bango akwai gwajin tarin fuka da wannan na'ura, kuma a nan ba na ba kowa shawarar ya biya. A watan Disamban 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gwajin Xpert MTB/RIF, wanda ke gano ƙwayar tarin a cikin majina a ƙasa da sa'o'i biyu, ya kuma nuna ko ta bijire wa maganin rifampicine ta hanyar duba sauyi a ƙwayar gadonta mai suna rpoB, aikin da a da sai an yi makonni ana renon ƙwayar kafin a sani. Daga 2012 ana sayar wa shirye-shiryen gwamnatocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kartush ɗin a kan dala 9.98, aka rage zuwa 7.97 a 2023. Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin tana cikin ƙasashen farko da suka yi amfani da gajeren tsarin magani na tarin da ya bijire wa magani, tare da ƙungiyar agaji ta Damien, tun 2008. Mai tarin da ya wuce mako biyu ya nufi cibiyar gwamnati, inda gwaji ke haɗe da magani kyauta da bibiya. Haka ma sanƙarau: cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke nan Yamai ta daɗe tana amfani da PCR wajen tantance nau'in ƙwayar a ruwan ƙashin baya da ake aiko mata daga jihohi, kuma wannan aikin sa ido ne na ƙasa.

Inda ma'aikatan suka sake burge ni shi ne batun amosanin jini, wanda ake kira emasi. Na tambayi farashin gwajin DNA domin wani ɗan'uwa da ke shirin aure, sai wani ma'aikaci ya ce, "Malam, kada ka ɓata kuɗinka, elektiroforez ya ishe ku." Gaskiyarsa. Ciwon ya samo asali ne daga sauyin harafi guda a ƙwayar gadon HBB da ke kan kuromozom na 11, amma sakamakon wannan sauyi yana bayyana a cikin sinadarin jan jini, kuma elektiroforez, gwajin da ke duba wannan sinadari, na raba nau'o'in jini AA da AS da SS da AC da SC a kan kuɗi kaɗan. Ya ƙara da gargaɗi biyu masu amfani: tsohon gwajin Emmel ba ya bambanta AS da SS kuma ba ya ganin nau'in C, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, sannan wanda aka ƙara wa jini a watanni ukun da suka wuce sakamakonsa na iya yaudara. Gwajin DNA yana da gurbinsa a irin wannan yanayi, ko wajen duba ɗan tayi, ko idan ana zargin talasemiya, wani ciwon jini na gado. Mai sayar da abu ya hana ka sayen mai tsada ba kullum ake samunsa ba.

Sai dai wannan gaskiya ba ta kai ga ƴar takardar tallar da ke kan teburin karɓar baƙi ba, wadda ke jera gwaje-gwajen da ake aikawa waje: BRCA1 da BRCA2 na hatsarin sankarar mama, gwajin jinin mai ciki da ke duba ko ɗan tayi na da trisomi 21, larurar da ake kira Down, daga mako na 10, da karanta dukkan sassan ƙwayoyin gado masu gina sinadaran jiki. Ci gaban da ya kawo waɗannan gwaje-gwaje har teburin wani ɗaki a Yamai abin mamaki ne, idan aka tuna cewa karanta haruffa kusan biliyan uku na halittar ɗan Adam karon farko ya ɗauki shekaru 13 kafin a kammala a 2003. Amma takardar tana tallata su kamar gwajin sukari. Ba ta faɗi cewa gwajin jinin mai ciki tacewa ce kawai, wadda ke buƙatar wani gwaji ya tabbatar kafin a yanke kowace shawara ba. Ba ta faɗi cewa rumbunan bayanan da ake gwada sakamako da su mafi yawansu daga jinin Turawa aka tara su ba, alhali ƴan Afirka sun fi kowa bambance-bambancen gado, don haka Bahaushe ko Bazabarme ko Buzu ya fi Bature yiwuwar a dawo masa da amsar cewa an ga sauyi amma ba a san ma'anarsa ba. Mace da aka gaya wa haka game da BRCA1 za ta koma gida da fargaba ba tare da an ƙara mata sani ba.

Ba ina cewa waɗannan gwaje-gwaje ba su da amfani a gare mu ba. A ƙasar da auren zumunci ya yawaita, akwai gidajen da ake haifar yara da ciwo iri ɗaya suna rasuwa a jere, ana ɗora wa iska ko maita, kuma a irin wannan gida karanta ƙwayoyin gado na iya ba da amsa ta gaskiya. Amma amsar tana shafar dangi gaba ɗaya, tana taɓa maganar wa zai auri wa, kuma a wasu lokuta tana tono abin da ba a je nema ba game da nasaba. Na tambaya ko akwai wanda ke zama da iyali kafin gwaji da bayansa, aka ce likitan da ya rubuta shi zai yi bayani. Na tambayi ƙasar da ake kai jinin, da abin da ake yi da ragowarsa da bayanansa bayan an gama, aka nuna mini takardar amincewa mai ƙananan haruffa da Faransanci, wadda mai miƙa ta bai iya faɗa mini abin da ke cikinta ba. Har sai an gyara wannan, ba zan ba kowa shawarar ya ba da jininsa ga wannan sashe ba, sai da umarnin ƙwararren likita da ya yi alkawarin zama ya karanta sakamakon tare da shi.

Kuɗin ƙirgen ƙwayar ciwon hanta jaka 40 na biya, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jaka 42 tun farkon 2024, kuma wannan bai haɗa da gwajin ALAT da ganin likita da kuɗin mota ba. Ga mutumin Tawa, da ke da nisan kusan kilomita 550 daga Yamai, tafiya da masauki na iya kai kuɗin gwajin. Wasu kan ɗibi jini a can su ba direban bas a cikin kula mai ƙanƙara, kuma ɗakin na karɓar irin wannan samfuri ba tare da tambayar sa'ar da aka ɗiba ba, abin da ban ji daɗinsa ba ganin irin tsantsenin da suke yi wa jinin da suka ɗiba da hannunsu. Wanda zai aiko ya tabbatar an raba ruwan jinin tun a Tawa, an rubuta sa'ar ɗiba a jikin kwalba, kuma ya fara kira ya ji ko kartush na nan kafin ya biya. Mai ciwon hanta ba sau ɗaya yake wannan gwaji ba, likita kan nemi a maimaita aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma ya fi kyau a riƙa yi a wuri guda domin lambobin su gwadu da juna. Na tambaya ko suna ajiye wa mai dawowa tsofaffin sakamakonsa a buga su tare da sabo, ko suna yi masa rangwame, aka ce kowace zuwa sabuwar rajista ce da cikakken farashi, kuma tsohuwar takarda mai ita ne zai adana ta.